Amsa ga mai tambaya kan rahoton da aka rubuta a kan yaronsa dan wasan gaba a hokin kankara

Salam dan uwa. Tun jiya naga tambayarka, kace yaronka dan shekara 16 yana buga gaba a hokin kankara, ya fi kowa maki a tim dinsu, amma sikawut din da ya zo kallonsa, wato mai nemo wa manyan tim yan wasa, ya rubuta cewa hannu, wato iya sarrafa sanda, da harbi lafiya lau, gudun kankara da karanta wasa ne da sauran aiki, kai kuma kana ganin anya mutumin ya kalli wasa kuwa ko dai son rai ne kawai. Toh nima na taba shiga irin wannan bacin ran wallahi. Nawa yaron ya buga har ya kai 17 anan Kanada, ni kuma na dade ina daukar wa tim dinsu bidiyo, kuma wurin da nake kafa kyamara can sama ne a kusurwa, daidai inda mutanen nan suke zama da dan littafinsu.

Abinda ya fara bani mamaki shine idan aka ci kwallo kowa ya mike ana ihu, su ko biro basa dauka. Sai lokacin da ni nake ganin ba abinda ke faruwa, sai kaga mutum ya sunkuya yana rubutu. Rannan na kasa hakuri na tambayi wani dattijo a cikinsu me yake rubutawa, sai yace in manta da fak din, wato faifan robar nan da suke bugawa, in zuba ido a kan yarona shi kadai daga shigarsa har fitarsa, in kirga sau nawa yake waiwayawa kafin fasin ya iso shi. Na koma gida na bude bidiyo na kirga. Ko sau daya babu. Sai faifai ya zo kan sandarsa sannan yake daga kai ya fara neman wanda zai ba. A matakinsu yana tsira da hakan don ya fi yawancin yaran jiki, sai ya ture mutum ya wuce, amma mataki daya gaba wannan rabin sakan din da ya bata wajen daga kai, dan baya ya riga ya manna shi da katanga. Wannan shine karanta wasa da aka rubuta maka, kuma baya fitowa a takardar maki ko kadan.

Su kansu makin nan ka bi su a hankali. Kowace kwallo da aka ci ana iya ba mutum biyu makin taimako, wanda ya bada fasin na karshe da wanda ya ba shi, kuma duk maki daya daya ne daidai da wanda ya zura. Kaga yaron da Allah ya hada shi layi daya da gwani zai iya tara maki da dan tura faifai kawai. Sannan akwai makin da ake samu lokacin da aka kori dan daya tim din na minti 2 ana biyar da hudu, fili ya bude kowa ya zama gwani. Sikawut zai ware wadannan gefe ya duba me yaro yayi ana biyar da biyar. Ga kuma maganar watan haihuwa, tunda da shekarar haihuwa ake raba yara, dan Janairu ya girmi dan Disamba da kusan shekara guda, a 16 kuwa wannan ba karamin bambanci bane. Nawa dan Fabrairu ne, na dade ina daukar girman jiki a matsayin baiwa.

Gudun kankara kuma ba tsere bane daga wannan karshe zuwa wancan, da yawa iyaye nan muke rudewa. Filin Arewacin Amurka kafa 200 ne a tsawo, 85 a fadi, da mutum goma a ciki banda gola biyu, yaushe ka samu filin mike kafa. Abinda suke kallo taku uku na farko ne daga tsaye, da yadda yaro yake lankwasa gwiwa, in yana gudu a mike kamar sanda toh karfin baya sauka a kankara. Karfen da ke karkashin takalmin gudun kankara baki biyu gare shi, na ciki da na waje, yawancin yara sun iya na ciki, amma ka sa shi ya juya a kan na waje ta bangaren da bai saba ba sai kaga yana tangal tangal. Ka kalli Connor McDavid, wanda tim din Edmonton ta dauka na farko a diraf din 2015, wato zaben sabbin yan wasa da tim tim din NHL, babban lig din hokin kankara na Arewacin Amurka, suke yi duk shekara, saurinsa a kwana yake karuwa lokacin da yake ketara kafa kan kafa, ba a mike ba. Amma anan ne zan kwantar maka da hankali, gudu yana gyaruwa. Brayden Point sai na 79 aka dauke shi a 2014, gudunsa na cikin abinda ake kushewa, Tampa Bay ta hada shi da Barb Underhill wadda ta taba zama zakarar duniya a rawar kankara, ya zauna ya gyara, a kakar 2022-23 ya ci kwallo 51.

Harbi da aka yaba masa ma akwai magana a ciki. Ragar kafa 6 ce a fadi, 4 a tsayi, gola da kayansa ya cinye mafi yawanta, don haka karfin harbi ba shine kan gaba ba, saurin sakin faifai ne da boye niyya. Connor Bedard ya ci 71 a wasa 57 a tim din matasa ta Regina kafin Chicago ta dauke shi a 2023, in ka rage saurin bidiyonsa zaka ga yana jawo faifan kusa da kafarsa kafin ya saki, gola ya shirya wa kusurwa daya harbin ya fito ta wata. Sai kuma daga ina yaronka yake harbin. Daga gefen katanga golan matakin gaba zai kama yana hamma. Wanda yake kutsawa tsakiya gaban raga, inda ake shan sanda a baya da gwiwar hannu a hakarkari, shi suke zagaye sunansa.

Kada kuma ka dauka ina cewa basa kuskure, suna yi sosai ma. Nail Yakupov na farko aka dauka a 2012, zuwa 2018 ya bar NHL. Pavel Datsyuk kuwa sai na 171 Detroit ta dauke shi a 1998, Martin St. Louis ma ba wanda ya dauke shi sam saboda gajarta, a 2004 shine gwarzon dan wasan lig din gaba daya. Amma duba su waye aka raina suka bada kunya, duk masu kai ne, masu ganin fasin kafin ya bude. Ban cika ganin an raina yaro don rashin karanta wasa ba sannan karfin harbi kadai ya cece shi.

Diraf din NHL sai yaro ya kai 18, zagaye 7 ne da tim 32, kusan mutum 224 kenan a shekara daga duk duniya, toh kana da kusan shekara biyu, kuma ni da nine kai kudin sabuwar sanda zan karkatar wajen kocin gudun kankara a bazara. Waiwayen kuma a gida ma ana koya, ku zauna da bidiyo ka tsayar daidai kafin fasin ya iso shi ka tambaye shi ina abokansa hudu suke. Nawa da farko haushi yake ji ya tashi ya bar dakin, daga baya shi yake karbar rimot din. Mun makara dai, a 17 aka ajiye shi, yanzu yana buga na nishadi da daddare da abokansa.

In kana so ka turo min bidiyon wasa guda cikakke in duba maka, amma don Allah ba irin hadin kwallayen nan da ake sa wa kida ba, wanda ake ganinsa tun daga fitowarsa daga benci har komawarsa nake so, kuma in da hali wasan da aka ci su.