Fina-finan tsoro na ƙwayar gane-gane: me ya sa wani zai ba su 10 wani ya ba su 1?

TAMBAYA: Salam Malam, don Allah ina da tambaya. Ni mai son fina-finan ban tsoro ne, musamman ƙananan nan da ba a kashe musu kuɗi sosai ba. Kwanan nan na shiga kallon masu labarin mutane sun sha ƙwaya ko sun ci wata laimar kwaɗi sun fara gane-gane, to abin da ke ɗaure min kai shi ne in na je karanta ra'ayin mutane sai in ga wani ya ba fim 10 cikin 10 yana cewa bai taɓa ganin irinsa ba, na ƙasansa kuma ya ba shi 1 yana cewa an ɓata masa lokaci. Wa zan yarda da shi? Kuma wai abin da suke nunawa haka yake a gaske ko ƙarin gishiri ne?

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Abin da ka lura da shi haka yake, irin waɗannan fina-finan makinsu yakan taru a can sama ya taru a can ƙasa. Mutane da yawa suna ɗora laifin a kan ƙarancin kuɗi, ni kam ban yarda da wannan ba. Masu kallon fim ɗin tsoro sun fi kowa yafiya a nan ɓangaren, za su haƙura da jini mai kama da fenti, su haƙura da jarumin da bai iya kuka ba da kyamara mai rawa. Abin da ba sa yafewa shi ne su ji an yaudare su, kuma babu labarin da ya kai na ƙwaya sauƙin yaudarar mai kallo.

Ga yadda abin yake. Tsoro a fim yana buƙatar doka. In dodo ne a daji ka san in ya kama mutum ya mutu, in makashi ne a gida ka san ƙofar da ba a kulle ba ita ce matsala, wannan sanin shi ke sa gabanka ya faɗi in yarinya ta juya wa taga baya. To da zarar an nuna maka 'yan wasan sun haɗiye abu, duk abin da zai biyo baya yana iya zama gaske yana iya zama a kansu ne kawai. Karo na farko da aka yanka wani sannan ya farka lafiya lau za ka ji daɗin dabarar, karo na biyu za ka fara zargi, karo na uku ka daina jin komai, don ka riga ka gane darakta zai iya janye duk abin da ya nuna maka a lokacin da ya ga dama. Yawancin masu ba da 1 ɗin nan a daidai wannan wurin aka rasa su, ko da su kansu ba za su iya faɗa maka hakan ba, sai dai su rubuta "ba ma'ana" ko "ƙarshen ya ɓata komai".

Su kuma masu shirya fim da ƙaramin jari suna son labarin ne saboda arharsa, daji ɗaya ko ɗaki ɗaya, matasa biyar ko shida, tanti, fitilu masu launi, sauran aikin a kwamfuta wajen editin. Ba sai an ƙera dodo mai tsada ba, kuma ko an yi kuskure a labarin, misali wanda ya mutu ɗazu ya sake bayyana, sai a ce ai gane-gane ne. Wannan uzurin shi ne yake kashe da yawansu.

Shrooms na 2007 misali ne mai kyau, fim ɗin ƙasar Ayalan ne, ɗaliban Amurka sun je daji neman laimar kwaɗi mai sa maye. Akwai wurin da saniya take yi wa wani magana, wasu sun ji tsoro wasu sun fashe da dariya, kuma a ƙarshe (ka yi haƙuri in ba ka gani ba) sai ya zamana yarinyar da muke bi tun farko ita ce take kashe abokanta. Masu sharhi da yawa ba su yabe shi ba, kuma koken da ke yawan dawowa shi ne an hango ƙarshen tun daga nesa. Ni a ganina matsalar ta wuce hango ƙarshe, awa ɗaya da rabi ana tsorata ka da fatalwowin wani tsohon gida sannan a ce babu su, wanda ya ba da zuciyarsa ga labarin dole ya ji haushi.

Yanzu ka dubi A Field in England na Ben Wheatley, 2013. Baƙi da fari ne, an ɗauke shi cikin kwana 12 da kuɗi wajen fam dubu 300, labarin wasu mutane ne da suka gudu daga fagen yaƙin basasar Ingila na ƙarni na 17 suka faɗa wani fili, aka ba su abinci da laimar kwaɗi a ciki. Akwai wata fitowa da duk wanda ya kalla ba ya mantawa. An shiga da mutum ɗaya cikin tanti, ba a nuna mana komai ba sai ihunsa muke ji, ihu mai tsawo har ka ƙosa, sannan ya fito a hankali a hankali da igiya ɗaure a jikinsa, idanunsa a kafe, yana wani irin murmushi da ba na mai hankali ba. Babu jini babu dodo, igiya ce da fuska da kiɗa. Wannan fim ɗin ma ra'ayi ya rabu a kansa sosai, amma rabuwar daban ce, masu ƙinsa cewa suke ya yi musu nauyi ko ba su gane ba, kuma can gaba akwai wurin da hotuna ke walƙiya da sauri suna ninkuwa wanda ke sa wasu ciwon kai (in kana da farfaɗiya ka kiyayi irin wannan, da gaske nake). Ba kasafai za ka ji wani ya ce an cuce shi ba, don tun farko fim ɗin bai yi maka alkawarin makashi da wuƙa ba.

Gaspar Noé kuma a Climax na 2018 wata hanya ya bi wadda na fi so. 'Yan rawa ne aka zuba musu LSD, wata ƙwaya mai sa gane-gane, a abin sha ba da saninsu ba, an ɗauki fim ɗin cikin kwana 15 a gini ɗaya, yawancin 'yan wasan ma 'yan rawa ne na gaske ba jarumai ba. Kyamara ba ta shiga kansu ta nuna maka abin da suke gani, kai kana waje kana kallon mutane suna lalacewa, saboda haka duk abin da ya faru ya faru, wanda ya ji rauni ya ji, wanda ya mutu ya mutu. Akwai masu ƙinsa har da masu kasa ƙarasawa, amma saboda ya yi musu zafi ne.

Akwai kuma wani rukuni da ke ƙara raba makin, wato waɗanda suka taɓa shan abin ko suka yi karatu a kansa, su da ma'aunin "haka yake ko ba haka yake ba" suke zuwa. Wannan ya kawo mu tambayarka ta biyu, kuma amsar ita ce yawancin fina-finan suna haɗa abu biyu da ba ɗaya ba ne. LSD da sinadarin silosaibin da ke cikin wasu nau'o'in laimar kwaɗi suna aiki ne a kan masu karɓar saƙon wani sinadari mai suna serotonin a ƙwaƙwalwa, musamman wanda ake kira 5-HT2A, kuma abin da suka fi yi shi ne murɗa abin da ke gaban mutum, bango ya riƙa kamar yana numfashi, launi ya ƙara kaifi, zane-zane su riƙa motsi, minti biyar ya zama kamar awa. Sau da yawa mutum ya san ƙwayar ce ke aiki. LSD yakan ɗauki awa 8 zuwa 12, silosaibin awa 4 zuwa 6. Amma ganin cikakken mutum wanda babu shi, har ka zauna kana hira da shi ka ɗauka gaske ne, wannan ya fi kama da aikin su zaƙami, masu sinadaran atirofin da sikofolamin, waɗanda ke zuwa da bushewar baki, buɗewar ƙwayar ido, bugun zuciya da sauri, zafin jiki, mantuwa, kuma suna kisa. Fim sai ya ce LSD aka sha ya nuna maka aikin zaƙami, wanda ya sani sai ya rage maki.

Kar fa wannan ya sa ka ɗauka na farkon ba su da haɗari. Firgici mai tsanani yana faruwa, mutum yana iya faɗawa titi ko ya faɗo daga sama don hankalinsa ba ya tare da shi, suna iya tayar da taɓin hankali ga wanda dama yake da shi a jini, wasu kuma gane-ganen kan riƙa dawo musu bayan an daɗe da sha. Ga masu tsintar laimar kwaɗi kuma akwai masu guba da ke lalata hanta, alamun ba sa fitowa sai bayan awanni. Abin takaicin shi ne wannan tsoron na gaske ya ishi fim, amma sai a bar shi a tafi neman fatalwa.

Ƙarin gishirin ma tsohon abu ne. Albert Hofmann ya haɗa LSD a 1938 a Basel ta Suwizalan, ya gano tasirinsa a 1943, kuma tun 1959 aka nuna shi a fim ɗin tsoro, The Tingler, inda likitan labarin ya yi amfani da shi don ya ɗanɗana tsoro, lokacin ba a ma haramta shi ba. Bayan Amurka ta saka shi a jerin ƙwayoyi mafi tsananin haramci a 1970, Majalisar Ɗinkin Duniya ta biyo da yarjejeniyar 1971, fina-finai suka ci gaba da hawa kan fargabar jama'a. Blue Sunshine na ƙarshen shekarun 1970 ya nuna mutanen da suka sha wani nau'in LSD shekara goma baya gashinsu ya zube suka koma makasa, abin da ba shi da tushe a likitance ko kaɗan, amma har yau yana da masoya, kuma dalilin a fili yake, dokarsa a tsaye take, in gashi ya zube ka gudu.

Batun wa za ka yarda da shi, kar ka tsaya a kan lambar da ke sama. Fim mai 5 da ɗigo wani abu a IMDb, shafin intanet da masu kallo ke ba fina-finai maki, yana iya zama wanda kowa ya ce "ba laifi", yana iya zama kuma wanda rabi suka mutu a kansa rabi suka tsane shi, ka buɗe wurin da ake nuna yadda ƙuri'un suka rabu daga 1 zuwa 10 za ka gani. Ka duba yawan masu ƙuri'ar ma, ƙaramin fim da mutum ɗari biyu suka ba maki, abokan masu fim ɗin kaɗai sun isa su ɗaga shi a makon farko. Kason da shafin sharhin fina-finai na Rotten Tomatoes ke nunawa kuma yawan masu sharhin da suka ce fim ya yi ne, ba ya gaya maka ya yi sosai ne ko da ƙyar ya tsallake. Ni nakan tsallake masu 10 da masu 1 in karanta masu 4 zuwa 7, su ne suka fi faɗin dalili. Sannan ka kula da kalmomin koken, in ana ta cewa "a hankali yake tafiya" ko "ban gane ba" to wataƙila fosta da tirela ne suka tallata shi a matsayin fim ɗin yanka-yanka suka jawo waɗanda ba nasu ba ne, irin wannan yana iya yi maka daɗi tunda ka saba da ƙananan fina-finai. In kuwa mutane daban-daban suna ta maimaita "ashe duk mafarki ne" ko "ƙarshen ya soke komai", wannan koken yawanci gaskiya ne, ka wuce shi ka nemi wani.