Zabadi ma ya saki wani abu

Ɗana, na ga saƙonka. Ka ce kana so ka ajiye aiki ka shiga hidimar bishara, amma dattawan ikilisiya sun ce sai an yi azumi an ɗora maka hannu, ka kuma je ka yi sallama da mahaifiyarka. Kai a ganinka wannan al'adar mutane ce kawai, tunda Yesu ya ce wanda ya kama garma yana waiwaye bai cancanci Mulkin Allah ba.

Ayar taka tana nan, Luka 9:62. Amma ɗora hannu ba dattawanku suka ƙago shi ba. Buɗe Ayyukan Manzanni sura 13. Ruhu Mai Tsarki ne da kansa ya ce a keɓe Barnaba da Shawulu, duk da haka ba su saɓi jaka sun sulale da dare ba. Ikilisiyar Antakiya ta yi azumi da addu'a, ta ɗora musu hannu, sannan ta sallame su. In Shawulu, wato Bulus, ya iya jiran wannan, kai ma gwiwarka ba za ta karye ba.

Batun sallama kuwa, tuna da Elisha. Yana cikin huɗa, shanu karkiya 12 a gabansa, Iliya ya zo ya jefa masa alkyabba. Sai da ya roƙi izini ya koma wurin iyayensa. Amma duba abin da ya yi: ya yanka shanun da yake huɗa da su, ya dafa naman da itacen kayan noman, ya ciyar da jama'a, sannan ya bi Iliya. Wanda ya cinna wa garmarsa wuta ai ba mai shirin dawowa ba ne.

Ni mutumin da na fi tunawa da shi a wannan magana shi ne Zabadi, mahaifin Yakubu da Yahaya almajiran Yesu. Kowa na yabon Yakubu da Yahaya da suka bar taru suka tafi, ba a cika duban tsohon da aka bari cikin jirgi da ma'aikata ba. Ban gane shi ba sai ranar da aka ɗora wa yayarka hannu. Ina bayanta, tafina a kafaɗarta yana rawa, na kasa cewa amin har fasto ya gama. Hannun nan da ake ɗorawa, ɗagewa ake yi daga baya, kuma ɗagewar ce mai wuya. Mahaifiyarka ƙanwata ce, na san ta. Ba za ta hana ka ba, amma kada ta ji labarin a bakin wani.

Yesu ma yana kan gicciye sai da ya danƙa mahaifiyarsa a hannun almajirinsa. Don haka kafin ka rubuta takardar barin aiki, zo mu zauna da ƙannenka mu san wanda zai riƙa kai mahaifiyarka ganin likita.

Kawunka.