Idan ta Allah ta kasance a Ingila, a kawo ni Kaduna ko a binne ni a can?

Wasiƙar wannan makon daga Manchester ta zo, daga wani ɗanmu haifaffen Tudun Wada da ke aikin kula da tsofaffi a can tun 2022. Ga ta a taƙaice:

"Baba Malam, barka da war haka. Wata uku da suka wuce wani abokinmu ɗan Kaduna ya rasu a nan, rasuwar fuju'a. Iyayensa suka ce lallai a kai shi gida. Muka yi karo-karo, kuɗin ya haura fam 4,000, kuma sai da ya kwana 17 kafin a sa shi a makwancinsa. Tun daga lokacin Hajiyata ta sa ni na yi mata alkawari, in ta Allah ta kasance a kai ni Tudun Wada kusa da mahaifina. Ina da mata da yara biyu a nan, ba ni da wata ajiya ta kirki. Wata Baturiya a wurin aikinmu ta ba ni labarin wata irin binnewa da suke yi yanzu a cikin itatuwa, ba allurar gawa ba siminti, wai ta fi araha kuma ba ta cutar da ƙasa. Ta halatta gare mu? Kuma yaya zan yi da alkawarin Hajiya?"

Ɗana, Allah Ya jiƙan abokinku, Ya sa kwanciya hutu, Ya ba ku ladan ɗawainiya.

Da na karanta bayanin Baturiyar nan sai da na yi murmushi, domin abin da ta kwatanta maka shi ne abin da muke yi kullum bayan azahar a makabartar Tudun Wada da ta Rigasa. A yi wa mamaci wanka da ruwa da ganyen magarya da ɗan kafur, a naɗe shi a farin alawayyo, a ɗauke shi a makara, a mayar da makarar masallaci don na gaba. A jera itace, a sa ganye, a kwaɓa ƙasa a liƙe, a tara ƙasa kamar taƙi guda. Bayan 'yan shekaru ba abin da ya rage wanda ƙasa ba ta karɓa ba. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, a fararen mayafai uku na auduga aka yi masa sutura, ba riga ba rawani.

Su Turawa hanya ce suka bari suka dawo mata. Sun daɗe suna ɗura wa gawa sinadarin fomalin don kada ta canza, su sa ta a akwatin katako mai fenti da ƙarafa, a Amurka ma har su gina wa akwatin ɗakin siminti a cikin rami. Daga baya aka gane ɓarnar da ke ciki: hukumar binciken cutar kansa ta duniya ta sa sinadarin nan cikin masu jawo kansa tun 2004, kuma masu aikin gawa su ne na farkon shaƙarsa. A 1993 aka buɗe makabartar daji ta farko a Ingila, a garin Carlisle, inda ake dasa itace maimakon kafa dutse mai rubutu. Amurka ta biyo baya a 1998 da wani wuri mai suna Ramsey Creek a Karolina ta Kudu. Yanzu irin waɗannan wurare sun bazu a Birtaniya.

To amma kada sunan ya ruɗe ka. A ƙarƙashin inuwar "kare muhalli" da "araha" akwai abubuwan da ba namu ba. Kusan kashi 80 cikin 100 na mamatan Birtaniya ƙone su ake yi, kuma tallar jana'iza mafi arha da za ka gani a talabijin ta ƙonewa ce kai-tsaye, ba taro ba salla. A Amurka jihar Washington ta halatta mayar da gawa takin shuka tun 2019. Duk wannan ba ruwan Musulmi da shi. Ko makabartar dajin ma, kafin ka sa hannu sai ka tambaya: suna da ɓangaren Musulmi daban? Za su haƙa ramin yadda mamaci zai kwanta a gefen dama yana fuskantar alƙibla, wadda daga Ingila take kudu maso gabas? Ana binne tokar waɗanda aka ƙone a tsakanin kaburburan? Yawancinsu ba da mu aka tsara su ba, kuma suna bayan gari, ga shi ba kullum ne suka fi arha ba. Ni a ganina ba ka buƙatarsu. Ka nemi ɓangaren Musulmi a makabartar ƙaramar hukumarku, ko makabarta ta Musulmi zalla irin Gardens of Peace da ke gabashin Landan, wadda aka buɗe a 2002, inda ake binnewa da likkafani kawai. Dokar Ingila ba ta tilasta akwati ba, abin da take so a rufe gawa da mutunci. Kowace makabarta dai da nata sharaɗin, wasu saboda laimar ƙasa sukan ce a sa katako a kewaye ramin. 'Yan'uwa na Faransa su ba su da wannan sauƙin, can akwati dole ne.

Yanzu ga babbar maganar, ta kawo gawa gida.

Ka ga kwana 17 da idonka, bari in gaya maka inda kwanakin suke tafiya. Ba a fitar da gawa daga Ingila sai an sanar da jami'in binciken musabbabin mutuwa ta takarda mai lamba 104, a jira kwana huɗu cikakku sai in shi ya yafe, sannan ya ba da izini. In mutuwar ta fuju'a ce kamar ta abokinku, sai ya gama bincikensa tukuna. Sai takardar shaidar ba cuta mai yaɗuwa, sai ta ofishin jakadancin Najeriya, sai neman gurbi a jirgi, domin a kaya ake lissafa mamaci, da kilo ake biya. Kamfanonin jiragen kuma suna neman a yi wa gawa allurar nan ta fomalin, a sa ta a akwatin da aka shimfiɗa wa tutiya a ciki aka liƙe. Wato duk abin da muke gudu a gida, shi za a yi wa mutum don a kawo shi gida. In an sauka Abuja ko Legas ga jami'an lafiya na filin jirgi, ga motar ɗaukar gawa zuwa Kaduna. Na taɓa tsayawa a kan irin wannan akwatin a wani gida a Unguwar Sanusi, aka rasa mai ƙarfin halin buɗewa, uwar da aka yi duk wahalar dominta ba ta ma ga fuskar ɗanta ba.

Na san abin da mutanen gida za su ce: ai an kawo Buhari. Gaskiya ne, ya rasu a Landan ranar 13 ga Yuli 2025, aka binne shi a Daura ranar 15. Wannan da jirgin fadar shugaban ƙasa ke nan, da mataimakin shugaban ƙasa a matsayin ɗan rakiya, amma duk da haka sai da aka kwana biyu. Kai wa zai aiko maka da jirgi?

A addini ma asali shi ne gaggawa, hadisi ya ce a gaggauta jana'iza. Ranar Uhudu wasu sun ɗauko shahidansu za su kai Madina, Annabi ya sa aka mayar da su inda suka faɗi, cikinsu har da mahaifin Jabir. Ba na ce ɗaukar gawa zuwa wani gari haramun ne ba, domin Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas a Aƙiƙ ya rasu aka ɗauko shi zuwa Madina, kuma malamanmu na Malikiyya sun yarda da hakan in ba za a keta alfarmar mamaci ba. Amma tsakanin Aƙiƙ da Madina 'yar tafiya ce a kafaɗar mutane, ba mako biyu a firjin mutuware ba. Kuma ba a kanmu aka fara kwanciya a baƙuwar ƙasa ba. Sarkin Kano Alu da Sarkin Zazzau Aliyu ɗan Sidi duk a Lokoja kushewarsu take, inda Turawa suka kai su. Ayar ƙarshe ta Suratu Luƙman ta riga ta gaya mana ba ran da ya san a wace ƙasa zai mutu.

Sai dai binnewa a can ba ta zuwa da kanta kamar a Kaduna, inda da an ji salati maƙwabta sun fito da diga da shebur kafin ma a gama kuka. A can takarda ce ke haƙa kabari, kuma ba a fafe gora ranar tafiya.

Fara da wasiyya a rubuce, da shaidu biyu da ba sa cikin masu cin gadon. Ka rubuta ƙarara cewa kai Musulmi ne, a binne ka, kada a ƙone. Ga wani abu da mutane da yawa ba su sani ba: a dokar Ingila burin mamaci game da jana'izarsa ba ya ɗaure kowa, wasiyyin da ya naɗa shi ke da ta cewa a kan gawar. Saboda haka wanda ka naɗa ya fi abin da ka rubuta muhimmanci. Ka zaɓi mai tsoron Allah da ke zaune a can, wanda ya san ofisoshi. Ka gaya masa in mai bincike ya ce za a feɗe gawa, yana da damar roƙon a fara gwada na'urar ɗaukar hoton cikin jiki, wasu yankunan suna yarda, wani lokaci iyali su biya. Ana rajistar mutuwa cikin kwana biyar, a karɓi koriyar takardar izinin binnewa, kuma garuruwan da Musulmi suke da yawa sukan tanadi mai rajista na ƙarshen mako don irinmu masu gaggawa. Ya karɓi kwafin takardar shaidar rasuwa da yawa, domin banki a Kaduna zai nema, kotun rabon gado za ta nema, hukumar filaye ta Kaduna, KADGIS, ma za ta nema in kana da fili.

Sai kuɗi. Irin bizarka an rubuta mata ba ka da haƙƙi a tallafin gwamnati, saboda haka kada iyalinka su sa rai da kuɗin jana'izar da ake ba masu karɓar tallafi. Ka shiga asusun jana'iza na masallacinku. 'Yan Pakistan da Bangaladash da Somaliya sun daɗe da wannan, kowane gida ya zuba ɗan abu a shekara, in an yi rashi asusu ya ɗauki wanka da mota da kabari. Mu Hausawa mun iya adashin biki, amma na mutuwa sai gawa ta kwanta a fara yawo da ƙoƙon bara a WhatsApp. In kuma wani kamfani ya zo maka da tsarin biyan jana'iza tun da rai, ka duba ko yana da rajista da FCA, hukumar sa ido kan harkokin kuɗi ta Birtaniya, wadda ta karɓi kula da su tun Yulin 2022. Tun 2021 kuma doka ta tilasta wa masu sana'ar jana'iza su baje farashinsu a fili, saboda haka ka kwatanta. Ka nemi kabari a ƙaramar hukumar da kake zaune, domin baƙon wata hukuma sukan ninka masa kuɗi. Ka kuma karanta shekarun da aka rubuta, haƙƙin kabari a can na wa'adi ne, ana sabuntawa. Abu guda da ba na fatan ka buƙata: in yaro ne ƙasa da shekara 18, akwai asusun gwamnati a Ingila tun 2019 da ke biyan kuɗin kabarinsa ba tare da duba ƙasar iyaye ko samunsu ba.

Akwai abin da ba ka tambaya ba, kuma shi ya fi tsaya mini a rai. Zaman maiɗakinka da yaran nan a kan bizarka yake rataye. Sassaucin da ake yi wa wadda mijinta ya rasu na matan 'yan ƙasa ne da masu takardar zaman dindindin, bai shafi matar mai bizar aiki ba. Ranar da ka faɗi, tana cikin takaba za ta buƙaci lauyan shige da fice, da kuɗin haya, da na makaranta ko na tikitin dawowa. Fam 4,000 ɗin da za a ba jirgi ya ɗauki akwati, a nan ya kamata ya tafi. Gobe ka je ofishin ma'aikata a wurin aikinka ka tambayi fom ɗin da ake rubuta wanda zai karɓi kuɗin fansho in mutum ya rasu, da ko suna da inshorar mutuwa a bakin aiki. Ka sa sunanta.

Hajiya kuwa kada ka yi mata wannan maganar a waya, kuma kada ka shigo mata da ayoyi kamar mai gardama. Ba ƙasar Tudun Wada take so ba, tsoro take ji kada a jefar mata da ɗa a inda ba mai yi masa salla, ko a ƙone shi kamar yadda take ji a labari. Bizar ziyara kan ɗauki kamar mako uku, ta san ba za ta iske jana'iza ba, shi ya sa take so a kawo mata. In ka zo hutu ka ɗauko mata hoton makabartar Musulmin garinku, ta ga layin kaburbura sun fuskanci alƙibla, ta ga yawan jama'ar da ke tsayawa salla bayan Juma'a. Ka tafi da kawunka ko limamin unguwa da take jin nauyinsa, shi ya buɗe maganar. Ka nuna mata zaman makoki a gidanta za a yi, ta'aziyya ita za a zo wa, addu'a kuma ba ta neman biza. Sannan ka roƙe ta ta warware maka alkawarin da bakinta, a gaban shaida, don kada wata rana danginka su taso matarka a gaba.

In kana so ka sa mata albarka a cikin maganar, ka ɗauke ta ku je ziyarar kabarin mahaifinka, ka duba abin da makabartar take buƙata. Duk damina ruwa yana cin gefen kaburbura, katanga tana zubewa dabbobi su shiga, tsofaffin da ke haƙa ba su da albashin kirki, itacen rufi kuma kullum ƙara tsada yake saboda dajin da ake sarowa yana ƙara nisa. Ka sayi buhunan siminti na gyaran katanga, da diga biyu, da dashen dogon yaro ko da guda 20 ne, ka ce sadaka ce ga Baba. Ka samu yaron unguwa ka riƙa turo masa na ban-ruwa har dashen ya kama.