Amsa ga ɗalibina kan jagororin koyon Glade

Ɗana, jiya bayan la'asar ka tambaye ni a shago abin da ya hana tagar shirin kwamfuta da ka zana da manhajar Glade buɗewa, alhali ka bi jagorar da ka samo a intanet layi bayan layi, har ka ce kana ganin rubutun ƴan sa-kai ba abin dogaro ba ne. Na zauna da aikin naka da daddare, kuma na tarar ba ka yi kuskure ba, wanda ya rubuta ma bai yi ba. Jagorar ce ta kwana biyu.

Damon Chaplin ne ya fitar da Glade a 1998, domin mai rubuta manhaja ya zana fuskar shirinsa na GTK, wato kayan haɗa tagogi da maɓallan manhaja, da linzamin kwamfuta maimakon ya rubuta kowane maɓalli da hannu. Tun daga nan ya sauya kama fiye da sau ɗaya. Na farkon yakan fitar maka da rubutun shiri a harshen kwamfuta na C, amma Glade 3 da ya zo a 2006 ya daina, sai dai ya bar maka fayil na XML, wato rubutaccen bayanin zanen, wanda shirinka zai karanta idan ya tashi, kuma ko karatun fayil ɗin ya tashi daga hannun tsohon mai karantawa, libglade, ya koma hannun sabo, GtkBuilder. Jagorarka ta zamanin libglade ce. Dubi layinta na farko, inda aka rubuta import gtk: wannan PyGTK ne, hanyar da harshen Python ke kiran GTK 2, mu kuwa kwamfutar shagonmu GTK 3 take da shi, wanda ake kira ta gi.repository. Akwai wata alamar da ba ta ɓuya: buɗe fayil ɗin zanen, in ka ga glade-interface a samansa tsohon tsari ne, in ka ga interface kawai sabo ne.

Ban yarda ka raina waɗannan jagorori ba, don ni kaina da su na koya, a nan Damagaram, lokacin da nake sauke su da dare in adana saboda tsadar intanet, wasu da Turanci wasu da Faransanci. Mutanen da suka rubuta su ba wanda ya biya su ko dala, kuma sukan faɗi abin da takardun hukuma ke tsallakewa, wato inda su da kansu suka yi tuntuɓe. Rauninsu ɗaya ne: mai rubutu yakan gama ya kama wata sabgar, manhajar kuma ta ci gaba da tafiya ta bar rubutun a baya.

Ko a wannan tsohuwar akwai abu biyu da nake so ka riƙe. Na farko, a GTK ba a kafa maɓalli a wuri guda kamar ƙusa a bango. Ana zuba shi ne cikin akwati, akwatin cikin wani akwatin, ta yadda idan aka ja tagar ta faɗaɗa komai zai gyara zamansa da kansa. Na biyu shi ne sigina, wato saƙon da maɓalli ke aikawa idan aka danna shi, mai suna clicked: sunan da ka haɗa da clicked a Glade dole ya zama shi ne sunan aikin da ke cikin shirinka, harafi da harafi, in ba haka ba maɓallin yana nan da kyansa amma ba abin da zai yi.

Ka kuma sani cewa Glade bai bi GTK 4 ba, wanda ya fito a ƙarshen 2020. Wata manhaja mai suna Cambalache, ta Juan Pablo Ugarte, ce ke wannan aikin yanzu, sai dai ba mu kai can ba tukuna.

Gobe da safe, in Allah ya kai mu, za mu gyara shirin tare. Duk abin da muka canja ka rubuta shi da Hausa saboda ƙannenka biyu da suka fara zuwa shago, kuma ka sa kwanan wata da lambar sigar Glade da ta GTK a saman takardar.