Kwamfuta, ƙuri'a a waya da taron nesa: me ya kamata ƙungiya ta saya?

Tambaya: Ni ne sakataren wata ƙungiyar manoman albasa a wajen Marwa ta Kamaru, mun kusa mutum sittin. Bana mun tara ɗan kuɗi a asusu. Matasanmu sun ce a sayi kwamfuta da majigi da wata manhaja da ake biya duk wata, dattawa kuma sun ce WhatsApp ya ishe mu. Abin da ke damunmu shi ne, sai a zauna a yanke cewa ba za a buɗe rumbu ba sai albasa ta yi daraja, bayan mako biyu wani ya ce shi ba haka ya ji ba. Me za mu saya?

Amsa: Malam Sakatare, Allah ya ƙara haɗa kanku. Matsalarku mantuwa ce da musu, maganinsu kuwa rubutu ne wanda kowa zai iya komawa ya duba. Don haka ku ajiye maganar majigi. A ƙarƙashin darbejiya kuke taro ko a zaure, hasken rana zai cinye hotonsa, ga shi kuma sai da wuta. Manhajar biya ma ku dakata da ita, aikin da kuke so ana yin sa kyauta.

Kwamfutar hannu guda ɗaya ku saya, ko da wadda aka yi amfani da ita ce. Ka tafi da wanda ya san kanta. Ku zare caja a shagon, ku kunna bidiyo, ku zauna rabin awa ku ga yadda batir yake sauka, domin a garuruwanmu batir ya fi kyan jiki muhimmanci. Ku nemi mai RAM, wato ƙwaƙwalwar aiki, giga 8 da ma'ajiya mai sauri da ake kira SSD, kuma madannanta su kasance na AZERTY, wato tsarin Faransanci, tunda takardun hukuma da Faransanci za ka rubuta su. In kuɗi ya ragu, ku ƙara da firinta mai hoda, baƙi da fari. Mai tawadar ruwa bakinta kan toshe in ta daɗe a ajiye, balle a zafin Maris da Afrilu lokacin da Marwa ke haura digiri 40. Ka ɗinka wa dukansu riga saboda ƙurar hunturu.

Daga nan ku buɗe asusun Google, yana zuwa da wurin ajiya giga 15 kyauta. A cikin Google Sheets, manhajar jadawalin lissafi, ka ba kowane ɗan ƙungiya layinsa: buhu nawa ya kawo, yaushe, nawa ya karɓa na taki ko iri. Kai da ma'aji ne kawai za ku iya gyarawa, sauran su gani. Abin da ya sa nake son wannan manhaja shi ne tana riƙe tarihin gyara. In aka mayar da buhu 14 ya koma 11, za ta nuna asusun da ya yi gyaran da ranar da aka yi, kuma ana iya dawo da na farko. Wannan yana kare dukiyar mutane, yana kuma kare mutuncinka kai sakatare ranar da wani ya tashi zarginka. Ana iya saita ta ta yi aiki ba intanet, in rezo, wato sabis ɗin waya, ya dawo ta haɗa kanta.

Ga wurin da nake roƙonku ku kula sosai. Asusun da layin wayar da aka buɗe shi da shi su zama na ƙungiya, shugaba da ma'aji su san kalmar sirri, a rubuta ta a rufe a ambulan. Sakatare kan yi tafiya, kan sauka, kan rasu, bai kamata lissafin mutum sittin ya bi shi ba.

Dattawanku ma suna da gaskiya, sai dai a gyara yadda ake amfani da WhatsApp ɗin. Ku raba zaure biyu. Ɗaya na hira da barka da jaje, ɗayan kuma a kulle shi, shugabanni kaɗai ke aikawa. Kafin a tashi daga taro ka miƙe ka karanta abin da aka yanke, wanda zai aiwatar, da ranar, a sa hannu, ka ɗauki hoton shafin ka tura. Sannan ka karanta shi da murya, da Hausa da Fulatanci, saboda waɗanda ba sa karatun boko. Mai ƙaramar waya kuma a liƙa masa takarda a ƙofar rumbu.

In ƙungiyarku ta yi rajista a ƙarƙashin dokar ƙungiyoyin gama kai ta 2010 ta OHADA, ƙungiyar daidaita dokokin kasuwanci a Afirka, wadda Kamaru da Chadi duk suke bi, ka tuna babban taro ne ke da wuƙa da nama, kuma kowane mamba ƙuri'a ɗaya yake da ita komai yawan buhunansa. Surutun da aka yi a waya da dare share fage ne, ba ya maye gurbin wannan taro.

Tambaya: Ina jagorantar adashen mata a Garwa. Za mu zaɓi sabuwar ma'ajiya, 'yan takara biyu ne kuma duk 'yan unguwa ɗaya. 'Yata ta ce a yi ƙuri'ar WhatsApp. Ya dace?

Amsa: Hajiya, kada ku yi. Ƙuri'ar da WhatsApp ya fito da ita a 2022 ba ta sirri ba ce, duk wadda ke zauren za ta iya latsawa ta ga wa ta zaɓi wa. Yarinyar da ta ci bashi a hannun ɗaya daga cikin 'yan takarar, ko wadda surukarta ke cikin adashen, ba za ta zaɓi abin da ke ranta ba. Bayan zaɓe kuma gaba ce za ta biyo, har a gidan suna a daina gaisawa.

Masana sun daɗe da gane wannan. A shekarun 1980, a Jami'ar Arizona ta Amurka, Jay Nunamaker da abokan aikinsa sun gina ɗakin taro inda kowa ke da kwamfuta a gabansa. Kowa yana rubuta ra'ayinsa a lokaci guda, ba a jiran wani ya gama magana, kuma ra'ayin yana fitowa a allo ba suna. Manufar ita ce ƙaramin ma'aikaci ya iya faɗin abin da ba zai furta a gaban maigidansa ba, a auna magana a kan kanta. Kamfanin IBM ya yi amfani da tsarin a tarurrukansa. Mu da kunya da girmama na gaba suka yi mana yawa, mun fi su bukatar wannan sutura.

Telegram, wani dandalin hira irin WhatsApp, yana da ƙuri'a ta sirri, amma sai kowacce ta sauke shi, kuma na san a cikinku akwai mai aron wayar maigida ko ta ɗanta. Wannan ba sirri ba ne, wataƙila ma ba ita za ta latsa ba. Ku samo ƙwarya biyu masu marfi, ɗaya ga kowace 'yar takara, ku sa su bayan labule, kowacce ta shiga da ƙwayar gyaɗa ɗaya ta jefa, a ƙirga a gaban kowa. Ƙuri'ar WhatsApp ku bar ta ga abin da ba ya ɓata zumunci, kamar ranar zama ko launin anko. Tana ɗaukar zaɓi har 12, kuma tana rage muku kiran waya sosai. Kuɗin da za ki kashe a kan wannan zaɓe bai wuce na gyaɗa ba.

Tambaya: Mu takwas ne muka haɗa jari muna dakon kaya daga tashar jirgin ƙasa ta Ngaundare zuwa Njamena ta Kusseri. Ba ma haɗuwa wuri ɗaya. Mu biya kuɗin Zoom, manhajar taron bidiyo?

Amsa: Alhaji, a'a. Zoom na kyauta yana yankewa bayan minti 40, Google Meet bayan awa ɗaya, amma ku ba ku ma bukatar hoto. Bidiyo yana cin data, kuma shi ne farkon tsinkewa in direba yana kan hanya. Kiran murya na WhatsApp yana ɗaukar mutum 32. Ku tsayar da lokaci guda a mako, misali bayan isha'in Juma'a, a tura batutuwan tun da rana, mutum ɗaya ya riƙa ba da izinin magana. Wanda rezo ya yanke masa a ba shi zuwa azahar ɗin Asabar ya turo amsarsa da murya kafin a fitar da kuɗi. Abin saye a nan batirin ajiya ne mai kyau ga kowane direba, da layi biyu, na MTN ko Orange a ɓangaren Kamaru, na Airtel ko Moov da zarar an haye gadar Ngeli.