Za mu zagaya hasumiyoyin fitilar bakin teku a Maine da yara, amma duwatsun nan suna ba ni tsoro

Tambaya:

Assalamu alaikum. Muna zaune a Bronx, New York. Maigidana ya shirya mana tafiya a mota cikin watan Agusta, mu bi gaɓar jihar Maine muna tsayawa a hasumiyoyin fitilar nan da ke nuna wa jiragen ruwa hanya. Yaranmu uku, babbar shekararta 11, autan 4. A hotunan da nake gani, mutane suna sauka har kan duwatsun bakin ruwa. Da na nuna damuwa sai ya ce ai lokacin zafi ne, teku a kwance yake, kuma shi a kogin Kwara ya koyi iyo tun yana yaro. Ni dai hankalina ya ƙi kwanciya. Mu je ko mu fasa? In za mu je, ina ne ya dace da yara?

Amsa daga mai jagorar masu yawon buɗe ido a gaɓar Maine:

Wa alaikumus salam, Hajiya. Ku je, kada ku fasa. Amma tsoron da kike ji yana kan hanya, kuma ina so maigida ya karanta amsar nan tare da ke.

Batun wuraren tsayawa ba shi da wuya. Daga New York zuwa Portland awa biyar zuwa shida ne a kan hanyar I-95. Kuna shiga Maine ku ratse garin York ku ga Nubble, wadda aka gina a 1879 a kan ɗan tsibiri. Ba a shiga, daga filin Sohier ake kallonta. Sai Portland Head a Cape Elizabeth, mafi tsufa a jihar, wadda aka fara kunnawa a 1791 zamanin George Washington. Ita na fi so wa masu yara, domin tana cikin filin shaƙatawa na Fort Williams, ga ciyawa ga shinge ga gidan tarihi. Hasumiyar kanta a rufe take, sai rana guda cikin Satumba. Daga nan ku hau hanya mai lamba 1 zuwa Pemaquid Point, sai Rockland, sai Bass Harbor a yankin Acadia. Ta Rockland tana ƙarshen wata katangar duwatsu da ta shiga ruwa sama da kilomita guda, kuma akwai ramuka tsakanin duwatsun, don haka hannun autan kada ya bar naki. West Quoddy mai zanen ja da fari tana can garin Lubec, kan iyakar Kanada. Da yara uku a mota, ni da na bar ta sai wata shekarar.

Yanzu ga maganar maigida, wadda kusan kullum sai na ji irinta: rana ta fito, babu iska, saboda haka dutse lafiya lau ne. Wannan tunanin shi ke jefa mutane cikin teku a gaɓar nan.

Igiyar ruwan da ke bugun dutsen da mutum ke tsaye a kai, sau da yawa ba iskar wurin ce ta tayar da ita ba. Guguwa na iya kasancewa ɗaruruwan kilomitoci can tsakiyar Atlantika, ta turo manyan igiyoyi su yi ta tafiya har su iso gaɓa, alhali a nan ko ganye ba ya motsi. Kuma ba a jere daidai suke zuwa ba. Sai ruwa ya lafa na wasu mintoci, mutum ya saki jiki ya ƙara sauka ƙasa, ya juya baya don a ɗauke shi hoto, sannan manya biyu ko uku su iso a tare, su haura inda na baya ba su kai ba. Agusta kuwa tsakiyar lokacin mahaukaciyar guguwa ne a Atlantika, wanda ke farawa 1 ga Yuni ya ƙare 30 ga Nuwamba.

An ga haka ranar 23 ga Agusta, 2009. Guguwar Bill ba ta sauka a Maine ba, ta wuce ta cikin teku ta nufi Kanada. Dubban mutane suka taru a kusa da Thunder Hole, wani kogon dutse da ruwa ke bugu a Acadia, don kallon igiyoyin da ta turo. Wata babba ta haura kan duwatsun da mutane ke kai, ta ji wa da yawa rauni, ta ja uku cikin teku. Dakarun tsaron gaɓa suka ceto biyu. Ta ukun, yarinya 'yar shekara 7 daga New York, ta rasu. Wurin nan yana kan hanyar da kuka tsara bi, cikin watan da kuka zaɓa.

Batun iyo kuma, ina girmama wanda ya koya a Kwara, kogi ne mai ƙarfi. Sai dai ruwan Maine ko a Agusta sanyinsa tsakanin digiri 12 da 18 yake a ma'aunin Celsius. Wanda ya faɗa ciki ba shiri, jikinsa da kansa ke jan numfashi da ƙarfi, ya kasa riƙe shi a minti na farko, kuma in kansa na ƙarƙashin ruwa a lokacin, ruwa zai shaƙa. Bayan wasu mintoci hannuwa su fara mutuwa. Sannan babu yashi ko gangare da zai kama ya fito, sai dutse mai kaifi da santsi, ruwa na ɗaga shi yana maka shi a jiki. Ruwan da zai cika akwati mai mita guda ta kowane gefe nauyinsa tan guda ne. Gwanin iyo da wanda bai iya ba, dutsen duk ɗaya yake karya su.

Abin da ke ƙona min rai shi ne masu ɗora hotuna a Instagram da TikTok suna tsaye a bakin ruwa, suna nuna wa mutane wai daga nan ne hoto ke yin kyau. Babu mai faɗin cewa lokacin janyewar ruwa ya ɗauka, ko cewa ya tsallake shinge da allon gargaɗi kafin ya isa wurin. A Portland, tsakanin cikowar teku da janyewarsa akwai kusan mita 3, a wajen Lubec ya haura mita 5, kuma sau biyu ake yi a yini. Dutsen da wani ya tsaya a kai da safe, kafin azahar yana iya kasancewa ƙarƙashin ruwa. In ka yi wa wani magana kuma ya ce maka ai komai ajali ne. Ajali gaskiya ne, amma Wanda ya rubuta shi ne ya ce kada mu jefa kanmu cikin halaka da hannuwanmu, balle yaran da aka ba mu amana, waɗanda ba su suka zaɓi inda za a tsaya ba.

Ki koya wa yaran duba launin dutse tun kafin ku fita daga mota. Wanda ya yi baƙi, ko yake a jiƙe, ko yake da gansakuka da ciyawar teku, ruwa na kai masa, kuma santsinsa kamar an zuba miyar kuɓewa. Iyakarku busasshen dutse mai haske, can sama, kuma babu mai ba teku baya, har mai ɗaukar hoto. A Pemaquid za ki fi sa ido, domin duwatsunta a shimfiɗe suke suna gangarawa cikin ruwa, yaro na ganinsu sai ya so ya ruga.

In Allah ya kiyaye wani ya faɗa, kada kowa ya bi shi. A kira 911 nan take, a jefa masa duk abin da ke yawo a saman ruwa, a kuma ce masa ya kwanta rigingine ya daidaita numfashi, ya nisanci duwatsun maimakon ƙoƙarin hawa su.

Ku tafi da rigunan sanyi, domin hazo kan sauko da rana tsaka ya rufe gaɓa, da takalma masu riƙe ƙafa, ban da silifa. A Portland akwai masallatai da shagunan halal saboda al'ummar Somaliyawa da ke wurin, ku yi guzuri a nan, gaba ba su da yawa. Kowace safiya ku duba jadawalin cikowar teku na NOAA, hukumar kula da teku da yanayi ta Amurka, da hasashen yanayi. Ranar da kuka ga an rubuta High Surf Advisory, wato gargaɗin manyan igiyoyin ruwa, ku kalli hasumiyar daga bayan shinge, ko ku kai yaran gidan tarihin hasumiyoyi da ke Rockland su ga manyan gilasan fitilun da aka ciro daga tsofaffin hasumiyoyi.