Mai ciwon hanta B da kansa: dashe zai yi masa amfani?

Wa alaikumussalam Hajiya. Allah ya ba Baba lafiya, ya sa kaffara ne. Kin ce likitoci a nan Legas sun gano kansa a hantarsa, ga ciwon hanta nau'in B, sun kawo maganar dashe, ke kuma kina tsoron ƙwayar cutar ta sake cinye sabuwar hantar. Ni ba likita ba ne, amma ni na yi jinyar yayana da aka yi wa dashe a Indiya, har yau kuma ni ke sayo masa magani.

A da can tsoron nan naki yana kan hanya. B kan koma sabuwar hantar a yawancin mutane, har wasu asibitoci suka riƙa ƙin yi musu aikin. Yanzu ana haɗa allurar HBIG (allurar garkuwa daga cutar B) da ƙwayar maganin B, wato tenofovir ko entecavir, kuma da wuya ta dawo muddin ana shan magani. Masu nau'in C sun fi shan wahala, don su kusan kowa sai ta koma masa, har sai da sofosbuvir ya fito a ƙarshen 2013. Yau maganin mako 12 yana warkar da fiye da 95 cikin 100.

Abin da ya fi damun likitocin yayana ba ƙwayar cutar ba ce, girman ƙarin ne. Akwai ƙa'idar Milan ta 1996 da likitoci ke bi wajen tantance wanda dashe ya dace da shi: ƙari ɗaya da bai wuce santimita 5 ba, ko kuma har guda 3 da kowanne bai wuce santimita 3 ba, bai shiga jijiyar jini ba, bai fita daga hanta ba. Wanda ke cikin wannan iyaka, kusan 70 cikin 100 suna kai shekara 5 bayan dashe. Ki tambayi likita kai tsaye ko Baba yana ciki. Kuma kada a tsaya jiran haɗa kuɗi kafin a fara masa maganin B, don ƙari ba ya jiran gudummawar dangi.

Sai mai bayar da ɓangaren hantarsa. Ƙanenmu da ya fara miƙa kansa, ana gwada shi aka same shi da B bai ma sani ba. Cutar tana bin gida, musamman daga uwa zuwa jariri. Ku gwada kowa, wanda ba shi da ita a yi masa rigakafi.

Bayan dashe kuwa, tacrolimus, maganin da ke hana jiki ƙin sabuwar hantar, har ƙarshen rayuwa ne, kuma yana rage garkuwar jiki, shi ya sa tsallake tenofovir ganganci ne. Yayana yana rumfarsa a kasuwar Mile 12 cikin hayaniyar masu sauke albasa, wayarsa na ƙara zai zaro ɗan kwalin magani daga aljihun kaftani ya kora da ruwan leda, ko da mai saye a gabansa. Ni kuma ba na bari ya ƙare kafin in sayo wani, ina duba lambar NAFDAC. Jiƙo da sassaƙen da 'yan dubiya za su riƙa kawowa, ku yi godiya ku ajiye. Gwajin jini na AFP mai nuna alamar kansar hanta da hoton CT kuma kada a yi wasa da su, musamman shekara 2 na farko, don a lokacin ne kansa ta fi dawowa.